Ramukan Waina

Wata bakwai ina jiƙa farin gari a kwalba,
a ɗakin gwajinmu na hanyar Dutsin-Ma,
inda janareto ke tari uku kafin ya tashi.
Giram ɗaya nake aunawa, kamar mai sayar da zinariya,
in zuba ruwa, in zuba ido.
Sai ya sha a fata, ya kumbura a baki,
cikinsa gudaji, bai ma san an yi ruwa ba,
kamar tuwon da aka tuƙa da gaggawa.

Sitacin rogo ne na saƙa da zaren sinadari.
In na matse saƙar, ya ƙi sha don taurin kai.
In na sassauta, ya narke ya zama koko,
ya bi cokali yana dalala.
Gwaji na arba'in da ɗaya,
na ja masa jan layi kamar 'yan'uwansa.

Can Batagarawa Baba Nomau na jira.
Gonarsa jigawa ce mai haɗama da mantuwa:
ka ba ta guga goma da hantsi,
kafin azahar ta rantse ba ta san ka ba.
Ya ce, "Ke da boko ya cinye wa idanu,
ba ki da maganin ƙasa mai yoyo?"
Na yi dariya. A mota ban yi ba.

Wata Laraba na fito ban karya ba,
na tsaya Ƙofar Ƙaura gun Inna Tabawa.
Ƙullunta ya kwana, ya yi tsami.
Ta ɗiga ruwan kanwa, ya ce shuuu, ya taso,
ta kwarfa a tanda tun bai gama maganarsa ba.
Na raba waina biyu, na tsoma a taushe,
sai ga miya na hawa da kanta,
rami yana miƙa wa rami, har ta taɓa yatsana.

"Inna, me ya sa taki ke sha haka?"
Ba ta ɗago ba, tana juyi da tsinke.
"Abin da ba ya da ƙofa, ta ina baƙo zai shiga?
Amma kar ki bari kumfa ta kwanta.
In ta riga wuta mutuwa, dutse kika soya."

Na bar canjina a faranti.

Ɗigon tsami, sannan farar hoda, ƙanwar kanwa.
Na farko kumfa ta tsere kafin ya daskare.
Na biyu ya daskare kafin ta yi numfashi.
Kwana tara ina neman daƙiƙar da za su gaisa,
agogo a hagu, sandar motsawa a dama,
har na hamsin da uku ya taso, ya tsaya a tashe.

A ƙarƙashin madubi na ga tsohuwar unguwa,
zaure na buɗewa cikin zaure,
lungu ba ya ƙarewa sai a wani lungu.
Na ba shi ruwa, na tafi alwala.
Na dawo, kwalba ba ta da abin zubarwa:
giram ɗaya ya rungume ɗari uku
yana rawar jiki kamar ƙwai a tafin hannu.

Amma wancan tataccen ruwa ne, marar tarihi.
Na rijiyar Baba da gishiri-gishiri a harshe.
Da shi, ko kashi ɗaya cikin uku bai sha ba.
Na rubuta hakan ma, da baƙin biro.

Duk da haka muka binne shi, tsunkule-tsunkule,
a gindin dashen tumatir, kunya biyu,
muka bar biyu yadda Allah ya yi su.

Rana ta uku ba a ba kowa ruwa ba.
Baba ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya soka yatsa a can, ya soka a nan,
ya daɗe yana murza ƙasar da ta manne masa.
Bai ce madalla ba.
Ya goge a riga, ya dubi sauran gonar
har inda ta haɗu da ta maƙwabci,
ya ce, "To, nawa ne mudu?"